Ƙarfin Cizo da Matsin da Yake Haifarwa a Cikin Haƙori

 

 

Batun da aka ɗora mini shi ne yadda ƙarfin cizo yake haifar da matsi a cikin ginin haƙori. Na san wani zai ce a ransa, wannan ai zancen injiniyoyi ne, me ya kai likitan haƙori ciki? To, duk wanda ya yi aiki a asibitin haƙori ya san irin mutumin nan da ke shigowa dafe da kunci, yana rantsuwa: "Wallahi likita, burodi kawai nake ci, sai na ji ƙas!" Kuma ba ƙarya yake yi ba. Yaya aka yi abin da ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, wanda ya shekara talatin yana fasa ƙashi yana gwaguyar goruba, ya zo ya tsage a kan burodi? Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, yawan ƙarfi ba shi kaɗai ke karya haƙori ba, sau da yawa ma ba shi ne babban mai laifi ba. Sai an duba inda ƙarfin ya sauka, da wajen da ya dosa, da yawan maimaituwarsa, da kuma abin da ya rage na haƙorin da ke ɗaukarsa.

Na ɗaya: nawa ne ƙarfin ma tukuna?

Tambayar ta daɗe. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, wanda ya rasu a 1679, ya gwada aunawa ta hanya mai sauƙi: ya ratsa igiya a kan turamen ƙasa na mutum, ya rataya nauyi a jikinta, yana ƙarawa har muƙamuƙi ya kasa ɗagawa. Bayan rasuwarsa ne aka buga littafinsa kan motsin dabbobi, a 1680 da 1681. Mu yau 'yar na'ura gare mu, ka cije ta, ta nuna lamba.

Ma'aunin ƙarfi sunansa niyuton, kuma niyuton 10 ya kusa daidai da nauyin kilo 1. Matashi lafiyayye idan ya cije iyakar ƙarfinsa da turamensa, akan samu niyuton 500 zuwa 700, wato kilo 50 zuwa 70 ke nan a kan haƙori. A haƙoran gaba kuwa abin yakan tsaya wajen niyuton 150 zuwa 200. Taunar yau da kullum ba ta kai nan ba, galibi tsakanin 70 da 150 take. Mai haƙoran roba baki ɗaya da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin huɗu na mai nasa haƙoran. A 1986, a Jami'ar Florida ta Amurka, an auna wani mutum da ya yi cizon da ya kai nauyin kilo 442 na kusan daƙiƙa 2. Don Allah kada wani ɗalibi ya koma ɗaki ya ce zai gwada.

Me ya sa turame suka fi? Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki. Wannan abin da kuka ji yana motsi, nan ne mahaɗar muƙamuƙi. Yanzu ku sauko da yatsan zuwa kusurwar kunci ku cije. Tsokar da ta kumbura tana cikin manyan masu rufe baki, akwai wata kuma a gefen goshi. Turame suna kusa da mahaɗar, suna kuma ƙarƙashin tsokar, don haka kusan duk ƙarfin yana isa gare su. Haƙoran gaba sun yi nisa, kaɗan ke kai musu. Shi ya sa ba wanda ya koya wa yaro, amma in aka ba shi busasshiyar aya, can ƙurya yake tura ta.

Na biyu: ƙarfi daban, matsi daban. A nan nake roƙon ku ba ni hankalinku, domin sauran laccar a kan wannan take tsaye.

Matsi shi ne ƙarfi idan aka raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Ma'auninsa megafaskal, wato niyuton 1 a kan murabba'in milimita 1. Mu yi lissafi tare. Kana cin tuwo, ka saki niyuton 100. Tuwon ya baje a kan turame biyu ko uku, a ce faɗin da ya taɓa ya kai murabba'in milimita 50. Raba 100 da 50, ka samu megafaskal 2. Haƙori bai ma san an yi ba. To, sai a ce shinkafa da wake ne, ba a tsince da kyau ba, 'yar tsakuwa ta faɗo tsakanin turmi da turmi. Tsakuwa ba ta bajewa. Inda ta taɓa haƙorin wataƙila bai wuce rabin murabba'in milimita ba. Ka saki niyuton 300, wanda rabin ƙarfinka ne kawai. Raba 300 da rabi, ka samu 600. Littattafanmu kuwa suna cewa farin ɓawon haƙori, inamel, yana jure danni har wajen megafaskal 380. Kun ga an zarce da nisa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Akwai kuma mamaya. Idan ka san ƙashi za ka fasa, a hankali kake ƙara ƙarfi, jijiyoyi suna kai rahoto, ƙwaƙwalwa tana lura. Amma mai cin shinkafa ya saki jiki, muƙamuƙinsa yana tafe da saurin da ya dace da abu mai laushi. Kafin saƙon "tsaya" ya je ya dawo, an riga an yi karo.

Na uku: yaya haƙori lafiyayye yake tsira daga duk wannan, shekara da shekaru? Amsar tana cikin yadda Allah Ya tsara shi hawa-hawa.

Na waje shi ne inamel. Kashi 96 cikin 100 na nauyinsa ma'adini ne, kaurinsa a kan tudun turmi yakan kai milimita 2 zuwa 2.5, yana sirancewa yayin da yake gangarowa, har ya ƙare a wuyan haƙori wajen dasashi. Yana da tauri matuƙa, amma yana da gautsi. Kuma ba ya tofowa: ƙwayoyin da suka gina shi sun gama aikinsu sun tafi tun lokacin da haƙorin ya ɓullo. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa, fata in ta yanke tana haɗewa, inamel in ya ɓalle ya tafi ke nan.

A ƙarƙashinsa akwai dentin, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori. Ma'adininsa wajen kashi 70 ne, sauran kuwa zaruruwan furotin ne da ruwa. Bai kai inamel tauri ba, inamel ya fi shi ƙin lanƙwasuwa kusan sau huɗu, amma yana da danƙo, yana ɗan bayarwa ya dawo. Kowannensu shi kaɗai ba zai yi aikin ba. Inamel zalla zai farfashe, dentin zalla zai cinye cikin 'yan shekaru.

Abin da ya fi burge ni shi ne iyakar da ke tsakaninsu. Ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da lungu da saƙo, sun sarƙe da juna. Masu bincike sun sa tsaga a inamel da gangan suka bi ta da madubin ƙara girma, suka ga tana gudu har ta iso wannan iyaka, ta ɗan shiga dentin, sai ta tsaya, domin zaruruwan dentin suna riƙe bakinta ta baya. A cikin inamel ɗin kansa ma, sandunan ma'adinin ba a miƙe suke jere ba, rukuni-rukuni suke gicciye juna, sai tsaga ta yi ta karkata tana rasa ƙarfi. Saboda haka in ka haska fitila a haƙoran gaba na babban mutum ka ga siraran layuka a tsaye, kada ka tayar masa da hankali. Kusan kowane baligi yana da su. Tsagogi ne da aka tare a hanya.

Sai hawa na ƙarshe, wanda mutane ba su san da shi ba. Haƙori ba a kafe yake a cikin ƙashi ba, a rataye yake. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani tantani mai kaurin milimita 0.2 ko kusa da haka, cike da zaruruwa da ruwa da jijiyoyi. Yawancin zaruruwan a karkace suke, ta yadda in aka danna haƙori ƙasa, su kuma sai su ja ƙashin, ruwan kuma ya rage kaifin bugun. Ku duba lissafin nan: faɗin jikin saiwoyin turmi na farko ya kai murabba'in milimita 430. Niyuton 500 ɗin da ya shiga ta ɗan tsini a sama, in ya isa ƙashi ya bazu a kan wannan faɗi, matsakaicinsa bai wuce megafaskal 1 da ɗan ɗoriya ba, ko da yake ba daidai wa daida yake rabuwa ba. Aikin haƙori ke nan a taƙaice: ya karɓi ƙarfi a tsuke, ya miƙa shi a baje. Haƙorin dashe, wanda ake kafa ƙusar ƙarfe a ƙashi, ba shi da wannan tantani. Na asali yakan nutse milimita 0.025 zuwa 0.1 in an danna shi, na dashe kuwa da ƙyar yake motsa 0.005, kuma mai shi ba ya jin nauyin cizonsa kamar da.

Na huɗu: wajen da ƙarfin ya dosa.

Duk wannan tsari da na bayyana an yi shi ne don ƙarfin da ke bin tsawon haƙori, daga kai zuwa saiwa. Da zarar ƙarfi ya zo ta gefe, lissafi ya canza. Wa bai taɓa karya rake a gwiwa ba? Ku tuna ta ina yake fara tsagewa. Ba ta wajen da ke manne da gwiwa ba, domin can dannewa yake yi. Ta bayan ne, inda ɓawon yake miƙewa. Haka haƙori yake in an tura shi ta gefe: ɓangare ɗaya yana shan danni, ɗayan yana shan ja. Inamel ɗin da ya jure danni har 380, a wajen ja ƙarfinsa tsakanin megafaskal 10 ne da 40. Bambancin kusan ninki goma ke nan ko fiye. Wanda ke buɗe kwalbar lemo da turmi, da tela mai tsinke zare da haƙorin gaba, da mai gyaran wuta da ke fere waya da baki, da mai fizgar busasshen kilishi ta gefe, duk suna kai wa haƙori hari ne ta inda ba shi da kariya.

Ko a cizo na tsaye ma akwai ja a ɓoye. Saman turmi tudu ne da kwari. Tudun na sama yana sauka cikin kwarin na ƙasa, in kuma ƙwallon dabino ko guntun ƙashi ya shiga tsakani, sai ya tura tudun nan biyu, ɗaya wajen harshe ɗaya wajen kunci. Gindin kwarin yana buɗewa ke nan. Shi ya sa tsagar turmi galibi take bin kwari daga gaba zuwa baya, kuma turamen ƙasa ne suka fi yawa cikin haƙoran da muke samu a tsage.

Bari in ɗan tsaya a kan wuyan haƙori, domin akwai gardama a nan. Tun farkon shekarun 1970 aka fara zana haƙori a kwamfuta, a yanka shi dubban ƙananan gutsattsari, a ɗora masa ƙarfi, a lissafa matsin kowane gutsure. Irin wannan lissafi yana nuna cewa ƙarfin gefe yana taruwa a wuya, daidai inda inamel ya fi siranta. A 1984 masu bincike Lee da Eakle suka kawo ra'ayin cewa wannan ja shi ke ɓantare ma'adini a wuyan haƙori har ya bar wani rami mai kaifin baki, a 1991 kuma wani masani, Grippo, ya ba abin suna na kansa. Ra'ayin ya yi farin jini. Amma tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, balle tsakanin masana. Da aka koma bakin mutane na gaske aka bi su shekaru, hujjar ba ta yi ƙarfin da ta yi a kwamfuta ba. Akwai masu cizon haƙora sosai da ba su da ramin, akwai masu ramin da ba sa cizo. Ni a ganina matsin yana nan, amma da wuya ya yi ɓarnar shi kaɗai. Sai ya samu abokan aiki: buroshi mai tauri da ake dirzawa a gicciye, gawayi ko toka da wasu ke goge baki da su, da tsamin lemon kwalba da lemon tsami da tsamiya da ke tausasa inamel kafin a dirje shi. Don haka ɗalibaina, in kun ga ramin nan, ku fara tambayar mutum yadda yake wanke baki da abin da yake sha, kafin ku ɗauki inji ku hau fere masa haƙora da sunan daidaita cizo.

Na biyar: maimaici, kuma a nan amsar mai burodi take.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa abu yakan karye a ƙarƙashin nauyin da bai kai ya karya shi ba, muddin an yi ta ɗorawa ana saukewa. Suna ce wa abin gajiya. 'Yar tsaga tana nan, kowane cizo yana buɗe bakinta ya ƙara mata ɗan abin da ido ba ya gani. A ɗakunan gwaji, in ana so a kwaikwayi shekara guda ta tauna, akan sa inji ya cije sau 250,000. Ku ninka wannan da shekara talatin. Ga shi kuma dentin yana tsufa: ƙananan bututun da ke cikinsa suna cikewa da ma'adini, danƙonsa yana raguwa, tsaga tana samun sauƙin tafiya. To, tsakuwar da ta fara tsagar wataƙila tun shekara goma aka tauna ta, an manta. Burodi ya zo ne ya tarar saura ƙiris.

Wani bincike na Graf a 1969 ya ƙiyasta cewa in aka tara duk lokacin da haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa wajen tauna da haɗiya, bai wuce minti 17 da rabi ba a kwana guda. Sauran lokacin a rabe suke, suna hutawa. Yanzu ma da kuke saurarona, leɓɓanku a rufe suke amma haƙoranku bai kamata su taɓa juna ba. Wa ya samu nasa a cije? Na ga wasu suna murmushi. Kusan mutum 1 cikin manya 10 yana cizon haƙora cikin barci. Babu abinci a tsakani da zai raba nauyin, gogayyar ta gefe ce, kuma an auna wasu aka ga cizonsu na barci ya fi wanda suke iya yi da gangan a farke. Sau da yawa ba mai yin ne ke sani ba, uwargida ce ko maigida ke kawo ƙara. Damuwa tana ƙara shi: a farkon 2021, lokacin annobar korona, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta tambayi mambobinta, fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce masu zuwa da wannan matsala sun ƙaru. Maganin farko mai sauƙi ne, roba ce da ake aunawa daidai bakin mutum ya riƙa sawa da dare.

Yaya ake gane tsagaggen haƙori? Wani masani, Cameron, ya bayyana alamominsa a 1964. Mutum zai ce in ya tauna abu a wani wuri yana jin zafi kamar walƙiya, sau da yawa ma lokacin da ya saki cizon, kuma ruwan sanyi yana damunsa. Dalili shi ne cizo yana buɗe tsagar, saki yana rufe ta farat ɗaya, ruwan da ke cikin bututun dentin ya motsa ya taɓa jijiya. Hoto kuwa sau da yawa ba ya nuna komai, sai a yi ta ba bawan Allah maganin ciwo ana sallamarsa, har ranar da haƙorin zai rabe biyu.

Na shida, kuma wannan da mu nake, mu masu riƙe da inji.

A 1989 masu bincike Reeh da Messer da Douglas suka auna yadda ƙarfin tsayuwar haƙori ke raguwa da kowane aiki da ake yi masa. Aikin cire jijiya shi kansa ya rage kashi 5 ne kacal cikin 100. Ramin ciko a saman haƙori ya rage kashi 20. Amma ramin da ya ratsa daga gaba zuwa baya, ya cinye katangun nan biyu da ke ɗaure tudu da tudu, ya rage kashi 63. Kun ji? Mun saba cewa haƙorin da aka cire wa jijiya ya bushe shi ya sa yake karyewa. Alƙaluman nan suna cewa babban dalilin shi ne yawan abin da kogo ya ci da wanda muka sassaƙe. Tudun da aka raba da ɗan'uwansa ya zama sanda mai tsaye ita kaɗai, kuma a lissafin injiniyoyi in tsawon irin wannan sanda ya ninka biyu, lanƙwasuwarta tana ninka takwas. Shi ya sa turmin da ya yi babban rami muke ce wa mai shi a sa masa hula ta rufe tudun duka ta ɗaure su, ba don son kuɗinsa ba. Shi ya sa kuma ƙaramin kogo da aka cike da wuri ya fi babba da aka cike da gwaninta.

Haka giɓi yake. In an cire turame ba a maye gurbinsu ba, aikinsu yana komawa kan haƙoran gaba, waɗanda saiwarsu ɗaya ce, kuma cizo a karkace yake zuwar musu. In ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da saiwa, faɗin nan na 430 ya ragu, abin da ke tsaye a waje ya ƙaru, ƙarfin da jiya ba komai ba ne yau shi ke girgiza haƙorin. Alhazai da hajiyoyi kuma a gafarce ni: haƙorin Makka ado ne mai kyau, amma in sai an fere lafiyayyen haƙori kafin ya zauna, inamel ɗin da aka zubar ba ya dawowa. Wanda kuma aka yi wa sabon ciko ya ji shi ne ke fara taɓawa in ya rufe baki, kada ya ce zai saba. Tantanin saiwa yana gane bambancin da bai wuce milimita 0.02 ba, in ya ce akwai tudu to akwai shi. Ya koma a sauke masa, aikin 'yan mintoci ne.

Na ga shugaban zama yana duban agogo, kuma yana da gaskiya.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, za a miƙa masa makirufo. Ina roƙon a fara da ɗalibai na can baya, sannan mu zo kan malamai.